Shekarar da Muka Shuka Ful

Ummi, Bashir, Fa'iza, kun sha tambayata abin da ya shiga tsakanina da Baffanku Sule har muka yi shekaru gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Kowannenku ya ji wani ɓangare a bakin dangi, kuma na san an ce muku ni na hana a kai Babanku gida lokacin da ya kwanta ciwo. Gaskiya ne, na hana. Sai dai masu ba da labarin suna Zariya sa'ad da abin ya faru, ni kuwa ina Upper Marlboro kusa da Washington, a ƙaramin gidan nan mai barandar katako da kuka girma a ciki. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, kuma Babanku da Baffanku duk sun riga mu gidan gaskiya, bari in faɗa muku da bakina.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, sanyi ya fara shigowa. Babanku Idi injiniyan ruwa ne a wani kamfani cikin Washington, ni kuma ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Ya daɗe da hawan jini, ya kuma daɗe yana wasa da maganinsa. Wata safiya aka kira ni daga ofishinsu aka ce ya faɗi yana tsaka da magana. Kafin in isa asibiti na san abin da zan tarar, don kullum irinsu nake juyawa a kan gado. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Bayan makonni aka sallame shi yana jan ƙafa da sanda, hannun dama a dunƙule a kan ƙirji. Daga duk Hausarsa da Turancinsa da Larabcin da ya karanta, kalma ɗaya ce ta rage masa: "To." In an ce ya ci abinci, to. In an ce ya ƙoshi, to. Yana gane duk abin da ake faɗa, idonsa na nunawa, amma in ya buɗe baki wannan kalmar ce ke fitowa, sai ya juya fuska bango.

Likitarsa ta ce mini watannin farko su ne masu muhimmanci, abin da hannu da harshe ba su koya a cikinsu ba da wuya su koya daga baya. Ta kuma ce jininsa bai daidaita ba, doguwar tafiyar jirgi hatsari ce. Aka ba mu ƙwallon roba ya riƙa matsawa, da wani katako mai ramuka da ake jera ƙananan sanduna a ciki. Babanku ya dubi kayan nan sau ɗaya ya ture su da hannun hagu. Mutumin da ke zana hanyar ruwan gari guda, an kawo masa abin wasan yara. Fa'iza, ke ce kika ɗauke ƙwallon kika mai da ita taki, kina shekara huɗu lokacin. Ina kai shi wurin masu motsa jiki, su ja hannun su lanƙwasa, shi kuwa yana kallon silin kamar hannun na wani ne. In mun dawo ya zauna a kujerar da ke bakin tagar bayan gida, har magariba.

Ana cikin haka Baffanku Sule ya kira. Shi ne babban wansu, shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya biya wa Babanku makaranta. A wancan zamani sai ya je ofishin tarho a Kaduna ya bi layi kafin ya same mu, kuma in ka yi magana sai ka ji muryarka ta dawo maka. Bayan gaisuwa ya ce:

"Binta, ki shirya shi ki kawo shi gida. Inna ba ta barci. Akwai masu magani a nan, akwai masu addu'a, akwai hannuwa da yawa. Ke kaɗai ce a can da yara uku."

Na ce, "Yaya, likita ta ce tafiyar za ta iya kashe shi. Kuma aikin da ake yi wa hannunsa, in aka yanke yanzu, shi ke nan."

"Hannun ya motsa?"

"Bai motsa ba tukuna."

"To me ake yankewa?"

Na ce ya ba ni lokaci in tambayi mai jikin. Na je na durƙusa gaban kujerar na ce, "Malam, Yaya ya ce a kai ka gida. Kana so?" Ya ce to. Na ce, "Ko mu zauna a ci gaba da magani?" Ya ce to. Na ce ya ɗaga hannun hagu in tafiya yake so. Ya dube ni, ya dubi taga, bai ɗaga komai ba. Daga baya ya gaya mini cewa a lokacin shi kansa bai damu da inda za a ajiye shi ba. Don haka ni kaɗai na yanke. Da Baffanku ya sake kira na ce masa ba zan sa shi a jirgi ba sai likita ta yarda. Sai ya ce bayan ƙaramar Sallah zai zo da kansa ya ɗauki ƙanensa, kuma duk abin da ya faru kafin nan, a wuyana yake. Ban ga laifinsa ba. Uwarsu tsohuwa ce, kullum tana tambayarsa.

Haka sanyin nan ya wuce mini. In tashi in yi wa Babanku wanka, in shirya ku makaranta, in tafi aiki in wanke wasu tsofaffin, in dawo in same shi inda na bar shi. Kullum da na buɗe ƙofa sai na tsaya na ji numfashinsa kafin in ajiye jaka.

Wadda ke zama da shi in na fita ita ce Hajja Sakina, maƙwabciyarmu ta gida biyu gaba. Bashir, kai ka fi tuna ta, don kai take aike. 'Yar Sudan ce, tana zaune da ɗanta Usman mai tuƙa tasi a cikin gari. Kakanninta Hausawa ne da suka taso aikin Hajji da ƙafa suka yada zango a bakin kogi can Sudan ba su ƙara gaba ba, saboda haka tana jin wata tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci, irin wadda rabona da ji tun kakata. Wata rana a ƙarshen sanyi, dusar ƙanƙara ta narke amma ƙasa na nan da sanyi kamar cikin firji, ta shigo da wani ƙulli a bakin mayafinta. Ta kwance a kan tebur. Wake ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba: manya, masu faɗi kamar farcen babban yatsa, ruwan ƙasa.

"Ful ke nan," in ji ta. "Shi muke karya kumallo da shi a garinmu. Filin bayan gidanku na zaune banza, 'yata. Nawa ya cika."

Na ce, "Hajja, wa ke shuka wake cikin wannan sanyi? A bari rana ta fito mana."

"Wannan ba ya son rana. Shekarata ta farko a nan na jira zafi kamar yadda kike faɗa, ya yi fure ya zubar, ko ƙwaya ban samu ba. Yanzu ake sa shi."

Gaskiya ba ni da ƙarfin wani lambu a lokacin. Na karɓa ne don kada in kunyata tsohuwar da ke yi mini alheri kullum. Ranar Asabar na ɗauko shebur na kafce wuri kusa da shinge, daidai inda ake hangowa daga taga, ba don na yi wata dabara ba, sai don nan ne rana ke sauka. Hajja ta zauna a kan bokitin da aka kife tana ba da umarni: layi biyu, tsakanin kowane iri da ɗan'uwansa taƙi ɗaya, zurfi tsawon yatsa. Ummi ke huda rami da sanda, Bashir na jefa iri, Fa'iza na bi tana tonowa ta ga ko ya fito. Hajja na yi muku magana da Hausarta kuna amsa mata da Turanci, kowa kuma na gane kowa.

Irin ya daɗe bai tsiro ba har na manta da shi. Sai wata safiya na ga ƙasa ta tsattsage, wasu kawuna kore masu kauri sun leƙo a lanƙwashe. Daga nan bai tsaya ba. Karansa ba zagayayye ba ne kamar na waken gida, kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma kore ne mai ratsin toka, mai taushi. Ba ya yaɗo, tsaye yake tashi. Da ya kai gwiwa iska ta fara kwantar da shi, Usman ya kafa mana sanduna a kusurwoyi muka zagaye da igiya. Ina lura cewa kujerar Babanku ta ɗan juya. Da can bango take fuskanta da rabi, yanzu ta fuskanci gilashin sosai. Na yi kamar ban gani ba, don na ga in aka nuna masa an lura da abu sai ya bari.

Ya kamata in gaya muku wani abu game da Babanku da wataƙila ba ku sani ba, tunda da taye da jaka kuka san shi. Ɗan manomin taba ne. A ƙauyensu da ke bayan Zariya taba ake nomawa a sayar wa kamfani, kuma tun yana ƙarami aikinsa ne bin layi yana tsinke kan taba don ganyen ƙasa ya yi faɗi. A wancan lokaci Upper Marlboro ma garin taba ne. In muna wucewa ta gaban dogayen rumfunan katako da ake shanya ganye a ciki, yakan rage gudu ya sauke gilashi ya shaƙa, ya ce ya tsallaka teku ya zo ya tarar da warin gidansu.

Azumi ya kama a wannan shekarar daidai da furen ful. Fari ne, kowanne da ɗigon baƙi kamar an taɓa shi da tawada, yana fitowa a hammatar ganye tun daga ƙasa har sama, ga ƙamshi da safe. Babanku ba ya azumi saboda magani, kuma na san abin na cinsa, don in na kawo masa abincin rana sai ya jira na fita ɗakin kafin ya taɓa. Da furen ƙasa ya fara zama ƙananan kwanso, sai na ga tururuwa na hawa da sauka a karan. Na duba sama, kan kowane tsiro ya yi baƙi ƙirin da wasu ƙananan ƙwari, irin darɓar da ke kama wake a gida. Na kira Hajja. Ta duba ta ce babu wani magani da za a saya, lokacin tsinke kai ne ya yi. Ƙwarin toho mai taushi suke so, in aka cire kan sun rasa wurin zama, kuma ƙarfin shukar ya koma wa kwanso maimakon ta yi ta tsawo. Ta ce za ta zo da yamma ta nuna mini, yanzu tana da tukunya a wuta.

Ni kuwa ina da aikin yamma a ranar, ga azumi, ga gajiya. Na ce wane nuni ake buƙata a yanke kan ganye? Na ɗauko almakashin kicin na fita. Na kama na farko na datse kusan rabinsa, da fure da komai. Na biyu ma haka. Ina kan na uku na ji ana buga gilashi. Na waiga na ga Babanku a tsaye, ya jingina da bango, yana dukan tagar da kan sandarsa. Na zaci ciwon ne ya dawo. Na yar da almakashin na yi ciki da gudu, sai muka yi karo a ƙofar baya, yana ƙoƙarin sauko da ƙafarsa matakalar baranda, wadda tun da ya dawo daga asibiti bai taka ba. Na riƙe shi muka sauka. Ya ja ni har bakin shukar, ya dubi waɗanda na datse, ya dubi almakashin a ƙasa. Bakinsa ya yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya ce:

"A'a."

Na tsaya ina kallonsa. Ya sake cewa, a hankali, kamar mai ɗaga dutse, "A'a. Ba... haka ba."

Ya ba ni sandar na riƙe, ya jingina kafaɗarsa da tawa, ya miƙa hannun hagu ya kama kan wani tsiro da babban yatsa da na kusa da shi. Ɗan toho kaɗan ya ɗauka, bai fi tsawon yatsa ba, sama da furen ƙarshe. Ya murɗa, amma karan ya biyo hannunsa, saiwar ta nemi ɗagowa. Aikin na hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe kara ɗaya ya tsinke. Na kai hannu zan riƙe masa, ya ture ni da gwiwar hannu. Ya dubi hannunsa na dama da ke dunƙule a ƙirji, ya kamo shi da na hagu ya sauko da shi, ya cusa karan tsakanin yatsun da suka ƙage. Hannun bai riƙe ba, nauyinsa ne kawai ya danne karan. Amma hakan ya isa. Tohon ya tsinke da ɗan ƙaramin sauti, ya jefa shi ƙasa, ya matsa ga na gaba.

Ban je aiki ba ranar. Na kira na ce ina da uzuri, na fito masa da kujera tsakiyar layin. Ya yi guda biyar ko shida ya gaji, gumi ya jiƙa rigarsa. Da Hajja ta zo da yamma ta ga waɗanda na datse ta riƙe baki, ta ga nasa ta ce wannan hannun manomi ne. Ta tsince tohon da ƙwari ba su taɓa ba ta ce a wanke a soya da albasa, ana ci. Da shi muka yi buɗe-baki, ɗanɗanonsa kamar alayyafo mai ƙamshin ɗanyen wake.

Shukar ba ta da yawa, da mai hannu biyu ne da safiya ɗaya ta ishe shi. Shi kuwa ya yi kwanaki yana bi, kuma da ya gama kawunan sai ya koma kan ƙananan rassan da ke fitowa daga gindi, ya bar masu ƙarfi ya cire raunana. Ya hana kowa taɓawa. Bashir, ka tuna ranar da ƙwallonka ta faɗa ciki, ka tsaya a bakin igiya kana jiran izini? Kullum da hantsi zai sauko, kuma kowace rana hannun daman na ƙara shiga aikin. Da farko danna kara kawai yake yi. Daga baya na ga yatsun na ɗan rufewa a kansa. Wata safiya ina shanya a igiya, na hango ya riƙe kara da hagu, ya kai dama ga wani toho. Babban yatsan ya yi ta rawa, ya kuskure, ya sake, ya kuskure. A karo na uku ya kama, ya tsinke. Bai san ina kallo ba. Na shige bayan zanin gadon da na shanya na toshe bakina da shi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti.

Mai motsa masa jiki ta ga canjin kafin in gaya mata. Ta tambayi abin da yake yi a gida, na kwatanta mata, ta ce ya ci gaba, ta kuma kawo masa igiya ya riƙa ɗaurawa da kwancewa tunda aikin lambu yake yarda da shi. Maganar ma ta fara dawowa, kalma kalma, Hausa kafin Turanci. Sunayen abubuwan gona ne suka riga zuwa: ruwa, ƙasa, iri, fartanya. Sunana ya zo bayan fartanya, na kuwa sha yi masa gorin haka har ƙarshen rayuwarsa.

Baffanku ya cika alkawari. Bayan Sallah da 'yan kwanaki Usman ya ɗauko shi daga filin jirgi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, idonsa na neman gadon da ƙanensa ke kwance. Na ce yana bayan gida. Ya fita baranda ya tsaya. Babanku na zaune a kan kujera tsakanin layuka biyu da kwano a cinya, yana tsinkar kwanson da suka cika, masu kauri kamar yatsun babban mutum. Da ya ga wansa ya ajiye kwanon, ya dafa sanda ya miƙe da kansa, ya miƙa masa hannun dama. Hannun bai buɗe duka ba, amma ya miƙu. Baffanku ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Da rana Hajja ta zo ta nuna mini yadda ake ɓare kwanson, a tafasa ƙwayar, a sake cire mata wata farar riga, sai kore shar ya fito. Muka dafa da albasa da man riɗi da lemun tsami. Baffanku ya ɗanɗana ya ce shi dai a saninsa wannan ba wake ba ne, amma ya ƙara. Bayan an kwashe kwanuka ya gyara zama ya ce ya zo da niyyar su koma tare, Inna na ƙirga kwanaki. Ni ina bakin ƙofa, na bar wa Babanku maganar, don wannan karon akwai mai amsawa. Babanku ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Yaya," ya ce. "Ba yanzu ba. In na warke... zan zo. Da ƙafata."

"Ita ta ce ka faɗi haka?"

"A'a. Ni."

Baffanku ya ce, "Inna ta tsufa, Idi. Ba ta da lokacin jira."

Babanku ya sunkuyar da kai. Ya san gaskiya ce, ni ma na sani. Muka koma wurin likita tare da Baffanku don ya ji da kunnensa, ta ce jinin ya fara daidaita, in aka ci gaba haka zuwa ƙarshen shekara zai iya tafiya. Aka tsaya a kan haka. Kafin Baffanku ya koma, Babanku ya zauna gaban rediyo ya yi wa Inna magana a kaset, gaisuwa da 'yan kalmomi, yana tsayawa yana sakewa. Baffanku ya sa kaset ɗin a aljihun gaban rigarsa. Da zai shiga mota ya ce mini, "Kin yi ƙoƙari," bai dube ni ba.

Zafi ya sauko bayan tafiyarsa, ful ɗin ya daina fure, ganyen ya yi baƙi ya bushe kamar yadda Hajja ta ce zai yi. Babanku ya ware kwanson da suka bushe a kara don iri, ya tumɓuke sauran, ya sa kuɓewa a wurin.

Inna ba ta kai ƙarshen shekarar ba. Ta rasu a ƙarshen damina, bayan zazzaɓin kwana kaɗan. An ce ta ji kaset ɗin, ta sa an yi ta maimaita mata. Amma ba ta ga ɗanta ba, shi ma bai gan ta ba, kuma wannan shi ne abin da Baffanku ya kasa yafe mini na tsawon shekaru. Ba zan ce muku bai da hujja ba. Da na sa Babanku a jirgi tun cikin sanyi, wataƙila da ta riƙe hannunsa. Wataƙila kuma da gawarsa za a sauke mata, ko ya rayu a ɗaki yana cewa to har ya mutu. Ban sani ba, babu wanda ya sani. Abin da na sani shi ne na zaɓa da abin da ke gabana, kuma kun samu uba mai magana da tafiya har ya aurar da ku.

Abin da na fi tsoro a kwanakin zaman makoki shi ne shi kansa. Mutanenmu na College Park da na cikin gari sun cika gidan, ana addu'a ana kawo abinci, ni kuwa ina satar kallon fuskarsa ina neman alamar ya riƙe ni a zuciya, ko alamar zai koma kujerar nan ya juya wa duniya baya. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, ranar wata Juma'a da hantsi, na shigo ɗaki na same shi ya sa farar riga, yana fama da maɓallin wuya da hannun dama. Na matso zan taya shi ya girgiza kai, ya ci gaba har ya shiga.

"Ina za ka, Malam?"

"Masallaci. In yi wa Inna addu'a."

Na ce bari in kira Usman, ko in ɗauko makullin mota. Babban masallacin yana can cikin Washington, sai an hau bas an sauka an shiga jirgin ƙasa na Metro.

"Ni kaɗai," ya ce. Ya ɗauki hularsa, ya tsaya a gabana. "Binta, ki daina kallona haka. Ban riƙe ki da komai ba. Ki je ki kwanta."

Na raka shi bakin ƙofa. Ya sauka matakala, ya bi gefen titi yana ɗan jan ƙafa, sandar na gaba yana binta, bai waiwayo ba har ya sha kwana wajen tashar bas. Na rufe ƙofa na zauna a kan doguwar kujerar falo da niyyar in ɗan huta kafin in ɗora abincin rana. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Kun dawo daga makaranta kun ci abin da kuka samu a firji, kun yi wasanku, ban ji ba. Muryarsa ce ta tashe ni da la'asar, yana tsaye a kaina da takalmi a hannu, yana ce muku ku rage surutu, uwarku na barci.